Hoton Haƙori a Birnin Kano: Ƙaramin Hoto Ko Mai Fuska Uku?

Mafi yawan mutanen cikin birni, daga Mandawari zuwa Yakasai, daga Koki zuwa Gwammaja, ba sa neman likitan haƙori sai ciwo ya hana su barci. Kafin nan an cusa kanumfari a kogon, an kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, an sayo ƙwayar kashe zafi a kemis, wani ma har ya biya ta wurin wanzami. Idan aka iso sashen haƙori na Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, buƙatar ɗaya ce: "Likita, a cire min shi kawai in huta." Da zarar likita ya ce sai an yi hoto tukuna, sai mai ciwo ya ɓata rai, domin a ganinsa ga haƙorin nan a fili, ya ma nuna shi da yatsa, me kuma ake nema? Yayin da ake wannan ja-in-ja a kan ƙaramin hoto, su ma likitoci suna tasu muhawarar a kan babba, wato na'urar CBCT mai ɗaukar muƙamuƙi ta fuska uku, tsawo da faɗi da zurfi. Na'urar ta riga ta shigo Najeriya, ana samunta a wasu cibiyoyi a manyan birane irin su Legas da Abuja. Wasu na ganin gari kamar Kano bai kamata ya yi sanya wajen rungumarta ba, wasu kuma na ganin tsada ce da haɗari da za a ɗora wa talaka ba tare da ya amfana ba. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara, kuma hukuncin da za a yanke zai shafi aljihu da lafiyar mutane masu yawa.

Kafin a auna hujjojin, ya kamata a san abin da ake magana a kai. A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Rontgen ya gano haske mai ratsa jiki, wato eksire, a Jamus, kuma a farkon 1896 wani likitan haƙori ɗan ƙasar, Otto Walkhoff, ya ɗauki hoton haƙoransa, hasken yana dukansa har minti 25. Yau hoton haƙori hawa uku ne. Na farko shi ne ƙaramin hoto, inda ake sa ɗan fim ko ɗan allon lantarki a cikin baki, ya nuna haƙori biyu ko uku da saiwoyinsu da ƙashin da ke riƙe da su. Na biyu shi ne hoton zagaye da likitoci ke kira OPG, wanda ya samo asali daga aikin Yrjo Paatero na ƙasar Finlan, yana shimfiɗa muƙamuƙin sama da na ƙasa gaba ɗaya a fage guda. Na uku shi ne CBCT, wanda ya bayyana a Italiya da Jafan a ƙarshen shekarun 1990. Mutum yana zaune ko yana tsaye na'urar za ta kewaye kansa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, ta ɗauki ɗaruruwan hotuna ta kusurwa daban-daban, kwamfuta ta harhaɗa su ta fitar da siffar ƙashi da haƙora yadda likita zai iya juya ta, ya tsaga ta ta inda yake so, ya auna abin da bai kai milimita ɗaya ba.

Masu goyon bayan hoto mai fuska uku sun fara da abin da ba mai musunsa: hoton eksire na yau da kullum inuwa ce. Abin da ke gaba da abin da ke baya duk suna hawa kan juna a fage ɗaya, don haka saiwa tana iya ɓoye saiwa, ƙashi mai kauri yana iya ɓoye rami. Ruɓewa ba ta fitowa a ƙaramin hoto sai haƙori ya rasa kaso mai yawa na sinadarin da ke taurara shi, kuma tun 1961 binciken Bender da Seltzer a Amurka ya nuna cewa ana iya samun rami a cikin ɓargon muƙamuƙi hoto bai nuna komai ba, muddin ramin bai taɓa ɓawon ƙashi na waje ba. Haka kuma turmin farko na sama yakan zo da wata siririyar hanyar jijiya ta huɗu wadda ƙaramin hoto ba kasafai yake bayyana ta ba. Idan likita ya wanke hanyoyi uku ya bar ta huɗu, ciwo zai dawo, mai haƙori ya ce aikin banza aka yi masa, a ƙarshe a cire haƙorin da ake iya cetowa. A wurin masu wannan ra'ayi, duk likitan da ke aiki da inuwa alhali akwai hanyar ganin abu yadda yake, ya zaɓi yin aiki da zato, kuma mai ciwo ne zai biya kuɗin kuskuren zaton.

Hujjarsu ta biyu ta fi kusa da halin da Kano ke ciki. Saboda jinkirin zuwa asibiti, likitocin tiyatar fuska da muƙamuƙi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala suna cin karo da cututtukan da suka riga suka yi nisa. Akwai ƙarin muƙamuƙi da ake kira amilobilastoma, wanda shi ne mafi yawa a Najeriya cikin ƙare-ƙaren da ke tasowa daga tushen haƙori. Yana girma a hankali ba zafi, yana cin ƙashi daga ciki, har fuska ta karkace kafin a kawo mai shi. Maganinsa tiyata ce, ana yanke ɓangaren muƙamuƙin da ya ci tare da ɗan gefen lafiya. Idan an yanke kaɗan ya dawo, idan an zarce an nakasa mutum fiye da yadda ya wajaba, kuma ba a sanin iyakarsa ta ciki da waje da hoto mai fage ɗaya. Ga kuma karayar muƙamuƙi da ƙashin kunci daga haɗarin babur da Adaidaita Sahu, ga fiƙar da ta maƙale a cikin ƙashi tana cin saiwar maƙwabciyarta, ga yaran da aka haifa da tsagar leɓe da ganɗa, ga dashen haƙori wanda dole a san kaurin ƙashi da inda jijiyar leɓen ƙasa ta bi kafin a huda. A irin waɗannan, in ji su, idan babu CBCT to babban sikanin CT na asibiti za a tura mutum, wanda a mafi yawan lokuta ya fi yawan haske mai ratsa jiki. Ke nan rashin na'urar bai kare kowa daga hasken ba.

Ta uku hujja ce ta adalci da ilimi. Jami'ar Bayero tana da tsangayar koyar da likitancin haƙori, ɗalibanta kuma za su yi aiki a duniyar da tsara dashe da tiyata da kwamfuta ya zama ruwan dare. Kano cibiya ce ga marasa lafiya daga Jigawa da Katsina da Bauchi, har da Damagaram da Maraɗi. Mai hali yana hawa jirgi zuwa Abuja ko Alƙahira ko Indiya, maras hali kuwa sai ya haƙura da abin da ya samu. Suna ƙarawa da cewa gani ya kori ji: mutumin da aka nuna wa siffar muƙamuƙinsa a allo, ya ga yadda ƙari ya rarake ƙashin, ya fi saurin amincewa da tiyata a kan wanda aka gaya wa da baki, wanda sau da yawa yakan koma gida ya ci gaba da shafe-shafe har abin ya fi ƙarfin wuƙa.

Masu adawa kuwa sun fara da hasken kansa. Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin maikrosibat. A matsakaicin lissafi na duniya, kowane mutum yana shan kimanin 2,400 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, wato tsakanin 6 da 7 a kowace rana. Ƙaramin hoton haƙori bai wuce na kwana ɗaya ba, sau da yawa ma bai kai ba. A jagorar da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2012 kan amfani da CBCT, hoton zagaye yana tsakanin kusan 3 da 24, CBCT na ƙarami ko matsakaicin fage yana tsakanin 11 da 674, na babban fage mai ɗaukar fuska gaba ɗaya kuwa daga 30 zuwa 1,073. Wannan na ƙarshe ya haura abin da mutum ke sha a wata biyar. Tazarar da ke tsakanin 11 da 674 ita kanta abin lura ce, domin tana nuna cewa abin da mai ciwo zai sha ya dogara ne ga irin na'urar da kuma hannun da ya saita ta. Hasken yana ratsa ƙwayar ido da gurbin yawu da ƙullin maƙogwaro da kan kumbura ya zama maƙoƙo. Jagorar ta ƙiyasta cewa haɗarin hasken ga yaron da bai kai shekara 10 ba ya ninka na ɗan shekara 30 sau uku, na ɗan shekara 10 zuwa 20 kuma sau biyu. A jihar da kusan rabin mutanenta yara ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tarihin sana'ar ma yana da gargaɗi: Edmund Kells, likitan haƙori na New Orleans da ya yi fice wajen fara amfani da eksire a Amurka, ya rasa yatsu, daga baya ya rasa hannu, saboda shekarun da ya yi yana aiki da hasken ba kariya. A 2010 jaridar New York Times ta yi dogon rahoto kan yadda ake tallata CBCT ga likitocin haƙorin Amurka har ana ɗaukar yara da ita ba tare da larura ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce kuɗi. Na'urar CBCT tana cin gomman dubban daloli, wasu sun haura dala dubu 100, alhali ƙaramar na'urar hoton cikin baki 'yan dubbai ce. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya ninka. Bayan saye akwai wutar lantarki tsayayya, da ɗaki mai sanyi da aka killace shi daga ƙurar hunturu, da bango mai tare haske, da injiniyan da galibi sai an ɗauko shi daga nesa idan wani abu ya lalace. Duk wanda ya san asibitocin ƙasar nan ya san labarin na'urori masu tsada da aka ƙaddamar da biki, bayan ɗan lokaci aka lulluɓe su da zane. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun 2024, yawancin masu sana'a a kasuwannin Kurmi da Rimi da Ƙofar Wambai ma ba su da albashin. Mutumin da ya zo da kuɗin ciko, idan aka fara tura shi hoto mai tsada, zai dawo da hoto a hannu ba kuɗin magani. Sannan akwai abin da ba a son faɗa: wanda ya ci bashi ya sayi na'ura dole ya nemi hanyar mayar da kuɗinsa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a yawaita tura mutane hoton.

Ta uku ita ce mafi nauyi a wurina, domin ta taɓa tushen hujjar ɗaya ɓangaren. Hoto ya fi fitowa tangaran, wannan gaskiya ne, amma abin tambaya shi ne ko mai ciwo ya fi warkewa. An gwada wannan a kan turmin ƙurya na ƙasa, wanda saiwarsa kan kusanci jijiyar leɓe, inda kowa ke zaton hoto mai fuska uku zai rage raunata jijiyar. A gwaje-gwajen da aka buga daga Holan a 2015 da Denmak a 2016, an raba marasa lafiya gida biyu, wasu aka cire musu bisa hoton zagaye kaɗai, wasu aka ƙara musu CBCT, kuma ƙarin hoton bai rage yawan waɗanda leɓensu ya mutu ba. Haka nan na'urar ba ta dace da neman ruɓewar haƙori ba, wadda ita ce cutar da ta fi kawo mutane. Ƙarfe yana tarwatsa haskenta ya bar zane-zane da duhu a kewayensa, don haka bakin da ke da haƙorin Makka ko tsohon ciko na ƙarfe yana iya nuna rami a inda babu rami. Ba ta kuma nuna tsoka da nama yadda ya kamata, saboda haka idan ana zargin ciwon daji, ko ƙari ya fasa ƙashi ya shiga nama, dole a koma ga CT ko MRI. A ƙarshe akwai batun mai karantawa. Babban hoto yana kamo gindin ƙoƙon kai da ƙashin wuya da kogunan iska na gefen hanci, kuma ƙa'ida ita ce a duba duk abin da hoton ya kamo. Ƙwararrun karanta hoton baki da muƙamuƙi ƙalilan ne a ƙasar da likitocin haƙorinta baki ɗaya ba su wuce 'yan dubbai ba.

Idan aka jera hujjojin nan gefe da gefe, za a ga cewa ɓangarorin biyu marasa lafiya daban-daban suke kallo. Masu goyon baya suna tunanin matar da ƙari ya cinye mata rabin muƙamuƙi da saurayin da babur ya farfasa wa fuska. Masu adawa suna tunanin ɗimbin mutanen da ke zaune a benci da kogon turmi ɗaya da dasashi mai jini. Dukansu gaskiya suka faɗa game da wanda suke kallo, kuskuren yana shigowa ne idan aka ɗauki hukuncin ɗaya aka ɗora wa ɗayan. Ma'aunin da ke raba gardamar tambaya ce guda wadda likita zai yi wa kansa bayan ya saurari mai ciwo, ya duba bakinsa, ya ƙwanƙwasa haƙorin: shin abin da hoton nan zai nuna yana iya canza abin da zan yi? Idan amsar a'a ce, ko ƙaramin hoto bai halatta ba. Idan i ce, a fara da mafi ƙanƙanta da zai amsa tambayar, kada a hau sama sai na ƙasa ya gaza. Wannan ita ce ƙa'idar da hukumar duniya mai kare mutane daga radiyeshan, wato irin wannan haske, ta kafa tun 1977, cewa kowane haske sai da dalili kuma sai a mafi ƙarancin da zai biya buƙata. Ba baƙuwar ƙa'ida ba ce ga mutanen da malamansu na fiƙihu suka daɗe suna karantar da cewa idan cuta biyu suka haɗu ana ɗaukar mafi sauƙi don kauce wa mafi girma.

Da wannan ma'auni, giɓin da ya fi girma a cikin birni yana a hawa na farko ne. Haƙora masu yawa ana cire su, a ɗakin wanzami da kuma shagunan da ba su da rajista, ba tare da kowa ya ga saiwarsu ba. Saiwa mai lanƙwasa tana karyewa ta zauna a ciki ta yi mugunya. Turmin sama da saiwarsa ta shiga kogon iska, idan aka fizge shi, yakan bar kafa tsakanin baki da hanci. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne haƙorin da ke girgiɗi ba don ruɓewa ba. A yaro, wannan yana iya zama alamar ƙarin nan da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai yawa a yankunan zazzaɓin cizon sauro, mai saurin girma, wanda kuma yake jin magani idan an gano shi da wuri. A babba yana iya zama farkon amilobilastoma. Ƙaramin hoto ko hoton zagaye ya isa ya sa likita ya dakata ya tura mutum gaba. Yawancin waɗanda a yau suke buƙatar hoto mai fuska uku don a tsara yanke musu muƙamuƙi, da an yi musu hoto mai arha shekaru kafin nan, da tiyatar ba ta kai haka girma ba. Saboda haka idan gwamnati ko wani mai taimako yana da kuɗin na'ura babba guda, abin da ya fi ceton mutane shi ne a fara tabbatar da cewa kowane ɗakin haƙori na gwamnati a ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale yana da ƙaramar na'ura mai aiki, da ma'aikacin da ya iya ta, manyan asibitoci kuma suna da ta zagaye. Bayan haka sai a zo ga CBCT, a cibiya ɗaya ko biyu inda likitocin tiyata da masu karanta hoto suke, kowa ya riƙa turo marasa lafiyarsa can da takarda mai ɗauke da tambayar da ake son a amsa.

Za a ce wannan tsari ya ware talaka da ƙaramin hoto ya bar wa mai kuɗi babba. Amsa ita ce larurar cuta ce ke zaɓar hoto, ba matsayin mai ita ba. Attajirin da ya biya aka yi masa CBCT a kan kogon haƙori ɗaya ya sayi ƙarin haske ne da kuɗinsa, bai sayi ƙarin lafiya ba. Rashin adalcin da ya kamata a yaƙa shi ne a ce mai ƙarin muƙamuƙi ya rasa hoton da tiyatarsa ke buƙata don ba shi da kuɗi. Maganin wannan shi ne hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa aikinta, su ɗauki nauyin hoton idan ƙwararre ya rubuta shi bisa jerin larurori sanannu. Asusu yana iya ɗaukar wannan nauyi ne kawai idan ba a ɓarnatar da shi a kan hotunan da ba su da dalili.

Za a kuma ce tsoron hasken ya yi yawa, tun da haɗarin hoto guda ga mutum guda ƙanƙane ne ƙwarai. Haka ne, kuma ya kamata a faɗe shi da babbar murya, domin tsoron da ya wuce kima shi ma yana cutarwa. Mai juna biyu da haƙorinta ya yi mugunya ba ta da dalilin ƙin ƙaramin hoto, domin abin da zai isa ga ɗan cikin bai taka kara ya karya ba, alhali kumburin da ya gangara ƙarƙashin harshe da wuya yana iya toshe numfashi ya yi kisa. Amma ƙanƙantar haɗari ga mutum ɗaya ba ta zama lasisin ɗora shi a kan dubban yara ba tare da amfani ba. Haɗari ƙarami da aka ɗauka don amfani babba hikima ce, wanda aka ɗauka don babu kuwa asara ce komai ƙanƙantarsa.

Akwai masu cewa na'ura ɗaya ko biyu ga gari kamar Kano tana nufin dogon layi, kuma ranar da ta lalace kowa ya tsaya. Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, amma yawaita na'urori ba tare da tsarin gyara ba yawaita matattun na'urori ne. Na'urar da ke aiki kullum a wuri ɗaya ita ce ke tara kuɗin gyaran kanta, ita ce kuma ke ba ma'aikata ƙwarewa. Abin da ya wajaba shi ne kada a saye ta sai da yarjejeniyar kulawa ta shekaru, da wutar sola da batura, da horar da injiniyoyin gida. Hoton kuma fayil ne, ana iya aika shi ta intanet ga ƙwararre a Zariya ko Ibadan ya karanta ya maido da rahoto. Shi ma ɗan kasuwar da ke son kafa cibiyar hoto da kuɗinsa ba wanda zai hana shi, yana ma iya rage wa gwamnati nauyi. Sai dai ya bi sharuɗɗa: lasisin hukumar NNRA mai sa ido kan duk na'urorin radiyeshan a ƙasar nan, ma'aikaci mai rajista, gwajin na'ura lokaci-lokaci, ba ɗaukar kowa sai da takardar likitan da ya duba shi, kuma ba kamasho tsakanin mai turawa da mai ɗauka. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙi, domin ranar da likita ya fara samun kaso daga kowane hoto, amanar da ke tsakaninsa da mai ciwo ta karye.

Matsayina ke nan: Kano tana buƙatar hoto mai fuska uku, kuma jinkirta shi ga masu larurarsa zalunci ne, amma matsayinsa na ƙarshen tsani ne, bayan kunnen likita da idonsa da ƙaramin hoto. Nauyin tabbatar da haka yana kan ɓangarori uku. Gwamnati ta fara da ƙananan na'urori a kusa da jama'a kafin ta yi alfahari da babba. Tsangayar Jami'ar Bayero da asibitocin koyarwa su horar da ɗalibai sanin lokacin da ba a buƙatar hoto kamar yadda suke horar da su karanta shi. Mai ciwo kuma ya san haƙƙinsa da nauyinsa: idan likita ya ce a yi ƙaramin hoto kafin a cire, ya yarda, domin kariyarsa ce, idan aka ce a yi babba, musamman ga yaro, ya tambaya cikin ladabi me ake nema, ko ƙarami ba zai wadatar ba, kuma wa zai karanta shi. Ya kuma adana hotunansa ya riƙa zuwa da su, don kada a maimaita abin da aka riga aka yi. Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, domin su ne ya kamata ya riga ya yi wa kansa kafin ya ɗauki biro.